Lid Ba Ya Zaman Makoki

Ni fa aikin nan a ɓagas na same shi. Ina kwaleji a lokacin, lakca da safe, da rana kuma ba abin da nake tsinanawa sai danne-dannen waya, har mamana da ke Kano take cewa da waya a hannu aka haife ni. Wata ƙawata ce ta ce min akwai wani ofishin mogej a unguwar Mount Hope, nan Bronx a birnin New York, a saman wani shagon wanki, suna neman mai jin Hausa da Turanci, mai saurin hannu. Na ce ai magana ta ƙare, ni suke nema.

Mogej dai rancen sayen gida ne. Oga shi ne mai lasisi, wani ɗan Kaduna mai son turare da ƙaramar riga, shi kaɗai ke maganar kuɗi da mutane. Mu namu aikin kiran lid. Lid kuwa shi ne duk wanda ya shiga intanet ya cike fom yana son gida, ya bar lambarsa. Yana gama cikewa zai faɗo a sistem ɗinmu, wayoyinmu su yi ƙara, wanda ya riga dannawa ya zama nasa. Sai ka kira shi tun yana da zafi, ka ji aikinsa, ka ji ya sunansa yake a wajen bankuna, ka lallaɓo shi ya zo gaban Oga da takardunsa. Sistem ɗin nan kuma ba shi da uwa ba shi da uba. In ka riƙe lid ka daɗe ba ka rubuta cewa ka taɓa shi ba, zai ƙwace ya jefa a kwando, kowa ya wawura.

Wallahi kamar don ni aka yi harkar. Ina cikin jirgin ƙasa zan cafke lid, ina layin sayen kofi zan tura masa tes, malami na bayani a aji ni kuma a ƙarƙashin benci ina ba wani lokacin zuwa ofis. Wani ɗan Nijar da ke kiran masu Faransanci a ofishin har suna ya sa min, wai Walƙiya. Na ce na karɓa, a ƙara min da tsawa.

Mu biyu ne a ɓangaren Hausa, ni da Baba. Baba ɗan zangon Kumasi ne, dattijo fari tas da furfura, ya yi shekaru yana jan tasi a garin nan har ciwon suga ya taɓa masa ido, likita ya ce ya ajiye sitiyari. Teburin nan shi ne abin da ya rage masa. Ba ya iya aikin tsaye, ba ya gani da kyau, ga iyali a unguwar Park Hill can tsallaken ruwa, kullum sai ya hau bas, ya hau jirgin ruwa, ya hau jirgin ƙasa kafin ya iso. Oga ya ɗauke shi ne saboda ba wani ɗan Ghana a Bronx da bai san shi ba. Rubutun wayarsa manya-manya ne kamar allon talla, kuma da yatsa ɗaya yake dannawa, yana lasar leɓe. Kafin ya gano inda maɓallin yake ni na cafke lid ɗin har na ce masa hello.

"Kai yarinya," haka yake ce min, don su a Hausarsu mace ma kai ce, "ka bar min ko ɗaya mana."

"Baba ai ba ni ba ce, yatsan ne ba ya jin magana."

Matsalar Baba gaisuwa. In ya samu lid da ƙyar, to ranar ba maganar gida. Wai ba a fara wa mutum da tambayar abin da yake samu, rashin tarbiyya ne. Tes kuwa a wajensa zagi ne, babba da shi ba zai aika wa magidanci rubutu kamar ɗan makaranta ba. Wata Litinin a mitin Oga ya kunna mana kiran Baba da sistem ya naɗa, ya ƙure murya.

"Ya gida? Ya iyali? Ya sanyi? Ya mutanen Kumasi? Tsohuwa tana nan da ƙarfi? Ei, madalla. Ya aiki? Ya haƙuri da garin nan?"

Oga ya tsayar, ya dube mu. "Kun ji an ambaci gida?"

"An ce ya gida," in ji ɗan Nijar.

Muka fashe. Ni har da buga tebur, hawaye na zuba. Oga ya ci gaba da kunnawa, gaisuwa ba ta ƙare ba har mutumin ya ce zai shiga aiki. Baba na zaune yana murmushi, yana murza hularsa a gwiwa.

"Alhaji," Oga ya ce, "nan ofis ne, ba zauren mai unguwa ba. Ni sayen lid nake yi, ba kyauta ake ba ni ba. Kai kuma ina sayowa kana yi musu sannu da zuwa."

"Oga, mutum ai sai an san shi."

"To ka san shi. In ka gama saninsa wani ya sayar masa da gida, sai ka je walima."

A mitin ɗin ne ya yanke. Ya ce tebur biyu sun yi wa Hausa yawa. Daga ranar zuwa ƙarshen wata, wanda ya fi kawo mutanen da aka buɗe wa fayil shi zai zauna, ɗayan ya kama gabansa. Ni ko a jikina. Na san kaina.

Amma fa Baba ba fanko ba ne, yana da wani babban kifi da ya daɗe yana kiwo. Wani nas ne ɗan garinsu, shi da matarsa duk a asibiti suke aiki, sunansu fes a banki, gida mai hawa biyu suke so don su zauna ƙasa su sa haya a sama. Irin lid ɗin da Oga ke mafarki. Shi kansa Oga ya faɗa, ya ce nas ɗin nan kaɗai ya fi tarkacen da nake kwasowa nauyi, in Baba ya kawo shi to teburin nasa ne. Ni kuwa nawa yawanci 'yan sha'awa ne, su cike fom suna kwance a gado, in ka kira su ce ba su tuna ba.

Ana haka mahaifiyar nas ta rasu a Kumasi.

Baba ya shigo ofis da jajayen idanu kamar shi aka yi wa mutuwar. Ya ce da Oga maganar nas a dakata sai an yi sadakar arba'in.

"Arba'in ɗin me?"

"Na tsohuwa. Ba zan shiga gidan mutum ana karɓar gaisuwa in ce masa ina takardun albashinka ba. Me za a ce da ni a zango?"

"To ka rubuta a sistem ka taɓa shi."

"Ban taɓa shi da maganar gida ba, Oga. In rubuta ƙarya?"

Oga ya ɗaga kafaɗa ya shige ofishinsa. Ni kuma na ji komai, na adana.

Baba kuwa ya dage da zuwa gidan nas. Duk ƙarshen mako yana can, ya kai lemo, ya zauna a falo, a yi addu'a, a ci waake, shinkafa da waken nan tasu, ya taso. Ya dawo ya ba mu labari, wai yaron yana ta haƙuri, wai har ya rame. Ɗan Nijar ya ce, "Baba, kai ma'aikacin mogej ne ko limamin unguwa?" Baba ya ce duka biyun na Allah ne.

Ranar da abin ya faru ina aji, ana mana lissafin da ban taɓa ganewa ba. Wayata ta yi motsi a cinyata. Na leƙa. Sistem ya ƙwace nas daga hannun Baba, ga shi nan a kwando, tsirara. Kai! Ban san sanda yatsana ya sauka ba. Daga baya ɗan Nijar ya ce shi ma ya kai hannu, ya tarar wayam. Na yi wata 'yar ƙara har malamin ya juyo, na ce atishawa ce.

A nan cikin ajin na rubuta tes ɗin. Na ce yaya, daga ofishin mogej ne, mun ji rashin da aka yi, Allah ya jiƙan mama ya sa ta huta. Na ce in har yanzu maganar gida tana nan, Oga yana da wuri gobe ko jibi, wanne ya fi maka? Shi ke nan. Ta'aziyya layi ɗaya, harka layi ɗaya. Kuma kullum zaɓi biyu nake bayarwa, ba na tambayar mutum ko zai zo, sai dai yaushe.

Ban mayar da wayar jaka ba ya kira. Na fice waje da gudu.

"'Yar'uwa, Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Wallahi ina cikin matsala. Mai gidanmu ya sayar da ginin, an ce mu tashi. Ga yara, ga makaranta. Har na fara neman wani ofishin."

"Ah ah, yaya, ba Baba yana zuwa wajenka ba?"

"Duk mako yana zuwa. To dattijo ya zo maka gaisuwar uwarka, ya zauna yana maka addu'a, ta yaya za ka buɗe baki ka ce Baba ya maganar gida? Sai ya ce yaron nan uwarsa ba ta dame shi ba. Ni ina jira ya fara, shi kuma bai fara ba."

Wallahi sai da na toshe bakina. Mutum biyu a falo ɗaya, mako da mako, magana ɗaya a cikin kowa, kunya ta ɗaure su kamar awaki. Na ce yaya kar ka damu, gobe ka taho da takardun albashi da na banki, kai da madam.

Washegari suka shigo, shi da matarsa, da jakar takardu. Baba na ganinsu ya miƙe da fara'a, ya ɗauka gaisuwa suka biyo shi da ita har ofis. Ya riƙe hannun nas da hannu biyu, ya fara, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Nas na amsawa yana kallon ƙasa. Sai na taso, na gyara mayafi, na ce, "Yaya, Oga na jiranku, ta nan." Suka bi ni. Baba ya tsaya da hannunsa a miƙe.

Da suka shige ya zo bakin teburina.

"Kai ka kira shi?"

"Tes na tura, Baba."

"Ba a yi arba'in ba."

"Sistem bai san arba'in ba. Ya faɗo kwando, na ɗauka. In ban ɗauka ba ɗan Nijar zai ɗauka."

"Da gudu ma," in ji ɗan Nijar, ko ɗagowa bai yi ba.

Baba ya kalle ni da idanun nan nasa masu hazo. Ya ce, "Na ɗauke ka kamar 'yata." Na ce, "Ni ma kamar uba na ɗauke ka, Baba, amma aiki aiki ne." Na sa abin kunnena.

Aka buɗe wa nas fayil a ranar. Oga bai ma jira ƙarshen wata ba. Ya fito yana tafi, ya ce kowa ya taso, ya ce a tafa wa Walƙiya. Aka tafa. Ya ce, "Alhaji, ba ka tafa ba." Baba ya tafa, a hankali, sau biyu ko uku. Sannan Oga ya ce masa, a gaban kowa, ba sai ya sha wahalar jirgin ruwa gobe ba.

"Oga, ina zan je da idon nan?"

"Ka je zaman makoki mana. Ka ƙware."

Ɗan Nijar ya kwashe da dariya har da tari. Baba ya ce ko rabin rana ne a bar shi, ko share ofis ne. Oga ya ce akwai mai shara. Baba ya ce yana da mutane da yawa da ya daɗe yana bi, sun kusa nuna. Oga ya ce, "Yauwa, ka tuna min," ya koma kan kwamfutarsa.

Baba na durƙushe yana neman leda da zai zuba butarsa da dardumarsa da maganin idonsa, sai wayoyinmu suka ɗau ƙara a tare. Oga ya saki duk lid ɗin Baba cikin kwando. Rabon gado, mai kayan na tsaye. Kai, ranar na nuna musu ni 'yar Kano ce! Yatsu biyu na sa, dama da hagu, ɗan Nijar na ihu yana zagina da Faransanci, ni ina cafka ina dariya. Direbobi, masu shago a titi na 116, masu aikin jinya, mutanen da Baba ya gama gaishe su tsaf, sun yi laushi, jira kawai suke wani ya tambaye su.

"Yarinya," na ji Baba ya ce, "taimaka ka riƙe min ledar nan zuwa ƙasa, matakalar ba haske."

"Ina zuwa, Baba, ana ringin."

Na farkon da na kira ya ɗauka. Wani mai shagon kayan miya ne, ya ce ai ya daɗe yana son ya ji inda aka kwana. Na ce gobe ko jibi? Kafin in gama da shi wani kiran ya shigo, na haɗa biyu. Da na ɗago, teburin Baba ba kowa, ɗan Nijar har ya janye kujerar ya miƙe ƙafa a kai. Mai kayan miya ya ce jibi, bayan azahar.