Akun Inna Ya Koma Mirriya

Ni ce ƴar fari a ɗakin Inna, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka al'ada take a gidanmu na Birni, cikin Damagaram. Uwa tana jin kunyar ɗan da ta fara haifa, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. In tana nemana sai ta ce "ke". In tana zancena da maƙwabta sai ta ce "waccan". Da na yi aure na haihu, sai aka ƙara mini girma na koma "uwar yarinyar nan". Ban taɓa yin ƙorafi ba, don wa zan kai wa ƙara? Amma abin yana ci na a rai tun ina ƙarama, kuma bai daina ba har furfura ta fara leƙo mini.

Wanda ya fi ba ni haushi a cikin lamarin shi ne akun gidanmu. Baba ne ya zo da shi daga kudu, zamanin da yake tuƙa kamiyo, babbar motar kaya. Launin toka gare shi, wutsiyarsa ja kamar barkono, ga wani kallon raini da yake yi da ido ɗaya. An rataye kejinsa a ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, daga nan kuwa ya kwashe gidan kaf ya zuba a bakinsa. Tarin Baba yana wurinsa, kukan ƙofar zaure yana wurinsa, har kiran ƴan ga-ruwa. A garinmu ruwan pampo sai ya ga dama yake zuwa, to da ya ji pampo ya yi ɗan tari sai ya ɗauki muryar Inna ya ce, "Ruwa ya zo, ku kawo bokiti." Wani lokaci ba tari ba komai, don dai ya ga muna gudu.

Sunan ƙanena da na ƙanwata kuwa ya iya su tsaf, da muryar Inna, har da yadda take jan ƙarshen sunan in ranta ya ɓaci. Ni in na gifta ta gaban keji sai ya karkata kai ya ce, "Ke." Na sha zama da gyaɗa a hannu ina maimaita masa sunana. Ya cinye gyaɗar, ya zubar da ɓawon a ƙafata, ya dube ni ya ce, "Ke." Har alhakinsa na ɗauka wata rana, na watsa masa ruwan wanke-wanke, shi kuwa ya buɗe fukafukai yana jin daɗi.

In na rufe ido yanzu, bayan azahar nake gani. Duwatsun Birni sun ɗauki zafi, unguwa ta yi tsit, inuwar dogon yaro tana motsi a hankali a kan tabarma. Inna tana zaune kusa da keji tana ɓare gyaɗa, ɗaya a kwano ɗaya a bakin aku, suna ƙus-ƙus su biyu. Ina kwance a bakin ƙofar ɗaki tsakanin barci da farke, ba na iya bambanta muryarta da tasa. Sai in ji kamar Inna biyu ce a gidan, ɗaya a ƙasa ɗaya a rataye, kuma duk cikinsu babu mai kirana.

Shekaru suka tafi. Baba ya rasu, ƙanena ya samu aiki a Yamai, ƙanwata ta bi mijinta Agadas. Ni na zauna a gari ina koyarwa a lakwal, gidana yana can Sabon Gari. Ranar da ƴata ba ta da karatu, sai in hau kabu-kabu in sauke ta wurin Inna in wuce aiki. A nan yarinyar ta kamu da son aku, so kuwa ba na wasa ba. Kartabul ɗinta, jakar littattafan lakwal, sai mai hoton aku, kofinta na roba mai aku, rigar barcinta ma aku ne jere a jiki. Har wani ɗan akun roba na saya mata, wanda in an matsa cikinsa yake ƙara. Ta kai wa na Inna don su gaisa, ya fizge shi ya cire masa baki. Abin da ke damunta kawai shi ne duk na kasuwa kore ne da rawaya, babu mai launin toka. Takan ce, "Mama, waɗannan ba su san Kaka ba."

Sai fuka ta kama ta. Numfashi ya riƙa yi mata wuya, ƙirjinta yana fito. Lokotoro ya tambaye ni ko muna da tsuntsu, na faɗa masa. Ya ce farin garin da ke fita daga jikin irin wannan aku yana tayar mata da ciwon, ta gaishe shi daga nesa, amma kada su kwana gida ɗaya. Tun daga nan in na kai ta, Inna takan shimfiɗa mata tabarma can ƙarshen tsakar gida, ita da aku su riƙa hira da ɗaga murya.

Inna ta rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Da aka yi sadakar arba'in baƙi suka watse, aka ce za a rufe gidan tukuna. Sai maganar aku ta taso. Ƙanena yana haya a bene, ɗaki biyu. Ƙanwata ta ce tafiyar Agadas za ta kashe shi. Dukansu a waya magana ɗaya suke yi mini: "Yaya, ke ce babba, ki san yadda za ki yi." Babba a wurin wahala ke nan. Gidana kuwa ba zai shiga ba, saboda ƙirjin ƴata. Haka na riƙa zuwa safe da yamma ina ba shi abinci a gidan da babu kowa, shi kuma ya yi shiru, ya kama tsige gashin ƙirjinsa.

Da labari ya bazu cewa ana neman wanda zai karɓi akun, masu so suka fara sallama. Wani mai shago ya ce zai rataye shi a bakin ƙofa ya riƙa kira masa masu saye. Na ce muryar uwata ba ta talla. Wani saurayi ya zo da waya a hannu, tun kafin ya gaishe ni ya fara ɗaukar hoto, yana cewa a sa shi ya yi magana. Na nuna masa hanya. Wani dattijo kuma bai ko dubi fuskar tsuntsun ba, wutsiyar kawai yake kallo, yana tambaya ko jan gashin yana yawan zuba. Na san irin asirin da ake haɗawa da jan gashin aku. Na ce, "Baba, ba a yi ba," na riƙe masa ƙofa har ya fita.

Gaskiyar magana, ko mutumin kirki ne ya zo da sai na samo masa aibu. Duk duniya babu inda muryar Inna ta saura sai cikin kejin nan. Da ya fara sakin baki kuma, sai ya riƙa kiran ƙanena da ƙanwata a gidan da ba su nan, sunayen suna yawo a tsakar gida suna dawowa. Ina zaune a kan tabarmar Inna ina jira, ko Allah zai sa ta taɓa yin kuskuren faɗin sunana sau ɗaya a gabansa. Ya dube ni ya ce, "Ke." Ranar na yi kuka, na zage shi, na kuma ba shi gyaɗa.

Ana haka Tanti ta zo. Ƙawar Inna ce tun suna amare, Kirista ce, ungozoma a matarnite har ta yi ritaya, ita ta karɓi haihuwar ƙannena. Bayan rasuwar mijinta ta koma Mirriya kusa da lambunsa, kuma ciwon ƙafa ya hana ta zuwa gaisuwa da wuri. Tana shigowa da sandarta, aku ya miƙe a kan ƙarfensa ya ce da muryar Inna, "Lale, Madam, ya gajiya?" Tanti ta tsaya cak, ta dafa bango. Can ta matsa, ya sunkuyar mata da kai ta sosa masa, abin da bai taɓa yarda na yi masa ba.

Da na gaya mata halin da ake ciki, sai ta ce, "Ƴata, ki ba ni shi riƙo." Ba ta ce kyauta ba, ba ta ce saye ba. Riƙo ta ce, yadda ake ba da yaro ga ƴar'uwa ta rene shi, iyayensa suna zuwa suna ganinsa, kuma ba a daina ce masa nasu. Ni kaina an ba kakata ni riƙo ina ƙarama, kamar yadda ake yi wa ƴan fari, na san kalmar daga ciki. Na nemi aibun da zan kafa mata na rasa, sai na ce to.

Ranar wata Asabar muka shiga motar Mirriya. Na lulluɓe kejin da zanen Inna na zauna da shi can baya, ƴata kuma na sa ta gaba kusa da taga, kartabul ɗinta mai aku a kan cinya, ko da yake babu lakwal ranar. Gero ya yi tsawo gefen hanya, iska tana kwantar da shi tana tayarwa, gajimare suna tafiya tare da mu. Barci ya riƙa fizgata. Ina jin ɗumin tsuntsun ta cikin zane, ga ƙamshin turaren Inna bai gama fita ba, sai na ga kamar ita na ɗauko zan kai unguwa. Da mota ta faɗa wani rami, murya ta fito daga ƙarƙashin zane ta ce, "Ruwa ya zo, ku kawo bokiti." Motar duka ta kwashe da dariya, har direba.

Gidan Tanti ba katanga gare shi ba, darni ne na kara, ana hango ganyen lambu ta tsakaninsa. Muka rataye keji a reshen mangwaro. Na shiga jero mata sharuɗɗa kamar mai kai amarya: yana son jan barkono da gwaba, kada a ba shi abu mai gishiri, a rufe shi da magariba, yana tsoron lema. Tanti tana murmushi ta ce, "Na ji, ƴata. Ni da safe waƙoƙin coci nake yi, sai ya haɗa da salatin uwarki, kowa ya samu." Muka ci abinci, muka yi hira har rana ta karkata. Da zan tafi na tsaya gaban keji na ce, "To, sai na zo." Ya karkata kai ya ce, "Ke."

Na ja ƙofar langa-langa na rufe, muka fito. Ba mu yi nisa ba igiyar kartabul ɗin ƴata ta zame, na durƙusa a gindin darni ina ɗaura mata. A nan na ji shi. Muryar Inna ce, amma ba muryar kira ba, ƙasa-ƙasa, irin wadda take ƙus-ƙus da ita bayan azahar. Ta faɗi sunana cikakke, yadda aka raɗa mini shi, ba ta rage ko harafi ba. Ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "Allah ya tsare mini ke."

Hannuna ya saki igiyar. Ƴata ta dube ni ta ce, "Mama, Kaka ce. Kullum haka take yi in kin tafi aiki. Sai ta jira ƙofar zaure ta rufe, sannan ta faɗa. Shi ma yana yi. Ba ki sani ba?"

Ta ina zan sani? Gidanmu na Birni zaure biyu gare shi, katangarsa ta ƙasa ce mai kauri, kuma ina fita nake hawa kabu-kabu. Shekara da shekaru ana kiran sunana a bayana, ni kaɗai ce ba na nan.

Na koma ciki da sauri. Yana ganina ya gyara tsayuwa ya ce, "Ke." Tanti tana zaune inda na bar ta, ita ma ta ji, idonta ya cika. Ta ce, "Ƴata, riƙo ne. In kina so ki mayar da shi, ɗauki abinki." Wallahi na so. Hannuna har ya kai ga zanen. Sai na waiwaya na ga ƴata tsaye can bakin ƙofa, nesa da keji kamar yadda aka koya mata, tana numfashinta lafiya lau. Na ce, "A'a, Tanti, nan ne wurinsa."

Na sake fita, na ja ƙofar a hankali har ta rufe. Wannan karo ban durƙusa ba, na jingina kafaɗata da darnin, ina jin kara yana sosa mini kunne. Iska ta kaɗa ganyen mangwaro. Na jira, ƴata ta kama hannuna. Can sunan ya fito.

Na ce, "Na'am, Inna."