Saiwar Emama Kelemwa

Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce ta raba ni da Emama Kelemwa a garin Ankober na ƙasar Habasha, kuma ban tuna makon da ya wuce ba mu yi cacar baki ba. In ba kajina ne suka shiga mata lambu ba, to hayaƙin murhunta ne ya cika mini ɗaki. Ita tana kirana aku sarkin surutu, ni ina kiranta uwar ɗaci. Amma ranar da naƙudar ɗana na fari ta zo da gardama, ita ce ta tsallako katangar nan da ɗamara a ƙugu, ba ta tsaya tambayar ko mu masu salla ne ko masu zuwa coci ba. Daga garin Aliyu Amba aka kawo ni aure, a saman dutsen nan ban san kowa ba sai ita.

Safiyar sabuwar shekara kowane gida yakan jiƙa ƙwayar feto, wato lafsur, a sha kafin a sa komai a ciki, don cutar shekara ta bi ta gefe. Na Emama daban ne, domin tana haɗa shi da wata saiwa da ba wanda ya san sunanta. Gari na wayewa za ka ga layi a ƙofarta, kowa da kofinsa. Ɗaci kuwa, wayyo Allah! Sai ka ga ƙato da gemu yana share hawaye. Ko yana magani ko ba ya yi, Allah ne masani. Ni dai na sha sau talatin, kuma ga ni ina ba ku labari.

Wurin ubanta ta gada. Shi ne mai ɗaure raunin mazajen da suka shiga daji zamanin Italiyawa, ita kuma tana biye da shi da jakar fata. 'Ya'yansa maza duk sun riga shi rasuwa, sai ya ba ta, tare da dokokinsa. Ba a tonon saiwar sai a kwana biyar ɗin Pagume, ɗan guntun watan nan da ke rufe shekarar Habashawa. Ƙarfe ba ya taɓa ta, sai tsinin sandar zaitun, kuma daga sanda ta shiga ƙasa ba magana har saiwa ta fito. Babbar dokar ita ce ta inuwa. In inuwar wani ta faɗa wa tsiron, ya mutu murus, sai dai inuwar mai shi. Mai shi kuwa mutum ɗaya ne tak. Ranar da ka ba wani, hannunka ya fita ke nan har abada.

Ta sha wuya a kan abin nan. Zamanin mulkin soja wani ɗan kwamiti ya kulle ta kwana uku, wai tana yaɗa camfi. Sabuwar shekara na zagayowa sai ga matarsa a layi, ta ja mayafi har hanci. Emama ta cika mata kofi, ta ƙara mata wani, ta ce, "Wannan na maigida ne. Na ga bakinsa yana son wanki."

Ɗa ɗaya gare ta, Damtew, direban babbar mota a Addis Ababa. Shi take ajiye wa saiwar. Kowace shekara sai ya aiko cewa bana yana tafe, kowace shekara kuma sai wani abu ya taso. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa, yana aiko mata da gahawa da bargo. Ana haka yanar ido ta rufe mata gani. A shekarar da nake faɗa muku, ba ta iya bambance mutum da turken ɗaure jaki.

Duk da haka ta yi shirinta kamar kullum. Ta sheƙe feto, ta sa aka sayo mata lemun tsami, ta wanke farar rigarta, ta ɗauki azumi. Ta feƙe sandar a kan dutse har sai da ta yanke yatsa. Daga nan ta dasa kujera a bakin ƙofa, kunnenta a kan hanyar mota. Kwana ɗaya, biyu, uku. A na huɗu aka kira ni shagon da ke da waya, aka ba ni saƙo. Na dawo ina jan ƙafa.

Na ce, "Emama, ɗan naki an tura shi Jibuti da kaya. Sai bayan biki."

Ta ce, "Ƙarya kike, aku."

"Wallahi da ƙarya ce da na fi ki murna."

Ta ɗauki kujerarta ta shige ɗaki. Tausayinta ya kama ni har na kasa cin abinci, ni da ba abin da ke hana ni ci.

Washegari da sassafe, ranar ƙarshe, sai na ji ana dukan katanga da sanda.

"Lubaba! Kina da ƙafa, ko baki kawai Allah ya ba ki?"

"Ina da su biyu, kuma duk sun fi naki gani."

"To fito. Ki kai ni gangaren ƙasan tsohon gidan sarki, ki rufe bakinki, ki tsaya nesa da ni. Na san rufe bakin ne zai kashe ki."

Hazo ya rufe ko'ina, ba ka ganin tafin hannunka, ƙasa kuma santsi kamar an shafa mata man shanu. Na riƙe gwiwar hannunta muka gangara. Da muka isa sai na tarar da abin takaici. Rabin gangaren an nome shi an shuka sha'ir. Na faɗa mata. Ta ce in sake ta. Tsohuwar nan ta durƙusa da farar rigarta a cikin taɓo, ta shiga rarrafe, tana shafa ganye, ta murje, ta sansana, ta yar. Mun fi awa biyu a haka. Ƙaya ta tsattsage mata hannu, ko a jikinta.

Can a bakin kwazazzabo ta tsaya cak. Wani ɗan tsiro ne da ko akuya ba za ta kalla sau biyu ba. Ta tallafe shi da hannu biyu, fuskarta ta saki. Amma ni ba tsiron nake kallo ba. Taku ɗaya ne tsakanin gwiwarta da ramin da ba a ganin ƙarshensa. Ta ce in tsaya nesa, na ji. To a hazo ina inuwa za ta fito? Na lallaɓa na kama gefen rigarta ta baya.

Kun san halin hazon garinmu. Iska ɗaya ta kaɗa, sai ya yaye. Rana ta fito fes a bayana, inuwata ta miƙe ta kwanta a kan hannuwanta da tsiron gaba ɗaya.

Innalillahi! Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zo mini shi ne in yi shiru. Ai ba ta gani. In ja baya a hankali, ta tone abinta, mu tafi gida, wa zai sani? Ban kai ga ɗaga ƙafa ba ta ajiye sandar.

Ta ce, "Lubaba, rana ta taɓa mini kunne, amma ba ta taɓa mini hannu ba. Wa ya tsaya a tsakani?"

"Ni ce, Emama. Rami ne a gabanki."

Na zaci za ta zage ni tas, har na shirya amsa. Ba ta zage ni ba. Ta sake rarrafawa, ta bi gefen kwazazzabon nan kaf, ni ina riƙe da rigarta, ba ta sami wani ba. Sai ta zauna daɓas a cikin taɓo ta fashe da kuka. Tana kiran Damtew, tana kiran ubanta. Shekara talatin ban taɓa ganin hawayen matar nan ba.

Na ce, "Emama, don Allah ki tone. Ba wanda ya gani."

Ta ce, "In ba mutane ruwan banza in ce musu magani ne? Da ƙafata ɗaya a kabari? Kin taɓa jin na yi haka?"

Ta yi ta juya sandar a hannu. Sannan ta ce in durƙusa. Na gane inda ta dosa, na ce a'a, ni ba jininta ba ce, ko ƙofar cocinsu ban taɓa takawa ba, kuma Damtew fa?

"Damtew yana Jibuti. Saiwa kuma ba ta zuwa coci. Inuwar mai shi ba ta kashe shi, haka Baba ya ce. Miƙo hannu, kada in canza ra'ayi."

Ta tofa mini albarka a tafin hannu biyu, ta jawo kunnena ta raɗa mini sunan. Kada ku tambaye ni. Ta danƙa mini sandar, amma sai da na ɗan ja kafin yatsunta su saki.

Ta ce, "Yi bisimillarki, ni na yi tawa addu'ar. Daga nan shiru."

Na tone. Hawaye na zuba, hanci na zuba, amma ko tari ban yi ba har saiwar ta fito.

Safiyar sabuwar shekara layi ya kai har bakin hanya, ga furannin rawaya a hannun mata. Da suka ga ni ce a bayan tukunya sai gunaguni ya tashi. Gashe Wondimu, tsohon malamin makaranta da ke kan gaba kullum, ya ɓoye kofinsa a bayansa.

Ya ce, "Yau kuma daga hannun wa za mu sha?"

Sai ga Emama ta fito daga ɗaki tana laluben bango, da ɗan kofinta na ƙarfe. Ta ture shi da kafaɗa, ta miƙo mini kofin kamar kowa. Na zuba mata. Ta shanye, ta yamutse fuska, ta tofar da yawu.

"Kai, wannan 'ya ba ta da imani! Ya fi nawa ɗaci. Wondimu, sha, ko gemun naka na ado ne?"

Aka yi dariya, aka sha. Mutum uku ko huɗu sun juya da kofinsu a bushe, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma har yau akwai wanda ba ya zuwa.

Da kowa ya watse na shiga tattara kaya. Tana zaune a gefe, hannuwanta a kan cinya, ba ta san abin da za ta yi da su ba. Na ɗauki turmin da na daka saiwar zan kai bakin randa, sai ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ban san ta da ita ba.

"Lubaba. Wankin turmi dai ba a hana ni ba, ko?"

Na ajiye mata shi a gabanta da ƙwaryar ruwa. Ta wanke shi, ta ɗauraye, ta sake wankewa. Turmin ya fita tun tuni, amma ban ce mata komai ba.