Taliyar Baba

Tarihi na karanta a jami'a, ba aikin lafiya ba. Amma da lokotoro a Damagaram ya ce Baba na da ciwon sukari, ni aka kira ya yi wa bayani, don ni ke jin Faransanci sosai a gidanmu. Tun daga ranar abincin Baba ya dawo wuyana.

Abin da lokotoron ya ce shi ne a rage taliya. Bai ce a daina ba, ko kuwa ya ce ban riƙe ba. Har yau ba ni da tabbas.

Baba tsohon direban babbar mota ne a hanyar Agadas. Rabin rayuwarsa a gindin mota ya ci abinci, makaroni da tumatirin gwangwani da sardin, tukunya ɗaya. Tuwo a wurinsa abincin baƙunta ne. Ga shi a garinmu Tanut ganye da kayan lambu sai an kawo daga kudu, kafin su iso sun yi yaushi, wani makon ma ba a gani. Taliya kuwa kowane kanti akwai ta.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kira na Uwata. Da wannan sunan yake fara roƙo.

"Uwata, wacce aka hana ne? Doguwar ko mai lanƙwasa?"

"Ina jin duka ne, Baba."

"Kina ji, ko kin sani?"

Washegari ya zo da wata dabara. Wai taliya 'yar murji ai a gida ake yin ta, hannun Inna ne, ba ta kamfani ba. Na ce fulawa ɗaya ce, a iya sanina. Ya ce to a cire manja, a yi masa miyar kauda, wato busasshen tumatir, da daddawa, ko a zuba man shanu da yaji kawai. Na ce wataƙila ba miyar ce matsalar ba. Ya yi dariya ya ce wa Inna, "Kin ga 'yar boko, komai wataƙila."

Na koma auna masa da ƙaramin ludayi, in cika gefen kwanon da wake da zogale in an samu. Yana cinyewa ba gardama. Daga baya na gane dalili. Wata la'asar na bi ta tasha, na hango shi cikin tsofaffin abokan aikinsa, sun kewaye farantin taliya, ya naɗe hannun riga. Na tsaya bayan wata mota. Ba a tsawata wa uba a gaban mutane, kuma ban taɓa ganinsa yana hira haka a gida ba tun da ya bar tuƙi. Na juya na bi wata hanya.

A damina kaushin ƙafarsa ya tsage, ya zama miki, ya ƙi warkewa. Ya daina iya zuwa tasha. Ni ke wanke masa da safe, kullum ina gwada faɗin mikin da yatsana, ina gaya wa Inna kamar ya ragu, ko da yake ban tabbata ba.

Abokan nasa suka fara zuwa gaishe shi. Ɗaya daga cikinsu, dattijo mai furfura, ya shigo zaure da kwano a rufe, ya miƙa mini da hannu biyu.

"'Yata, ga ɗan abin da yake so. A ba shi da zafinsa."

Baba na kan tabarma yana kallona. Na durƙusa na karɓa, na yi godiya, na je ɗauko cokali.