Na'urar da Baba ke lulluɓewa da zane

Shekarar da na dawo Mayahi daga karatu a Yamai, na samu aiki a biron wata ƙungiyar manoma. Ɗaki uku ne da rumfa, da layin talho guda ɗaya wanda shugabanmu, mushe diraktan kamar yadda muke ce masa da Faransanci, ke tsaronsa kamar rumbun gidansu. Wasiƙa kuwa, in an buga ta an sa hatimi, Baba planto ake ba. Shi ne dattijon da ke share biron, ya buɗe ya rufe, ya kai takardu tasha ya danƙa wa direbobin Maraɗi. Ya girme mu duka, har diraktan Baba yake ce masa.

Ni kuwa na zo da zafin kai. Akwai wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, a kusurwa, sai na ce zan mai da ita sarbar, wato na'urar da za ta tattara saƙonnin imel na kowa ta aika su. Kwana huɗu ina fama da waya da modem, ina zufa ina zagin na'urar a zuciya. Da yake layin ɗaya ne, na tsara ta ta riƙe saƙonni tun safe, sai an tashi hutun rana, lokacin da ba mai taɓa talho, ta kira da kanta ta tura su gaba ɗaya. Ranar gwaji na tsaya a gabanta, ta yi wannan ƙarar tata mai kamar kukan gyare, saƙo ya isa Maraɗi. Diraktan ya ba ni hannu. Har yau ina kewar ƙarar nan, ban san dalili ba.

A wannan damina ruwa ya sauka da wuri, mutane suka yi shuka, sannan ya ɗauke. Hatsi ya tsiro ya ƙone a ƙauyukan wajen garin Sarkin Hausa, kuma yawancinsu sun zuba irin da suke da shi duka. Aka sanar da mu cewa akwai irin gero mai saurin nuna a mangaza, wato babban ɗakin ajiya, a Maraɗi, amma sai biron da ya aiko da sunayen ƙauyukansa kafin ranar Alhamis za a loda wa. Ranar Litinin muka gama lissafa sunayen. Baba ya tsaya bakin ƙofa da jakarsa yana jiran ambulan.

Na ce wa diraktan babu buƙata. Takarda kwana take yi a aljihun direba, imel kuwa kafin la'asar ya isa. Na danna, allon ya nuna saƙon ya bar ordinatata, na juya na ce wa Baba ya je ya huta. Ya ce to.

Talata shiru, Laraba shiru. Na ce ai mutanen Maraɗi ba su cika amsawa ba. Ranar Alhamis da rana na manta makullin moto na dawo biro, sai na tarar da Baba ya kashe sarbar, ya cire wayarta daga bango, yana lulluɓe ta da wani tsohon zane, yana gyara gefe da gefe kamar mai rufe ƙwaryar fura.

Na ce, "Baba, me kake yi haka?"

Ya ce, "Hutawa za ta yi, ɗana. Tun zamanin mashin ɗin buga takarda haka nike yi. Wagga rana, in an bar ta tana aiki ai sai ta ƙone. In kun kusa komowa in kunna maku abinku."

Ashe kullum haka yake yi. Na yaye zanen na kunna, na ga saƙonni tun na bayan ranar gwaji jere suna jira, har da na irin. Abin da na faɗa wa dattijon nan ba zan maimaita shi a takarda ba. Na ɗaga murya har mai tuyar ƙosai ta ƙetaren hanya ta leƙo. Baba ya naɗe zanensa ya sa a hammata.

Na tura saƙon nan take. Amsa ta zo bayan la'asar, layi biyu: an rufe karɓar sunaye, kamiyo, manyan motocin kaya, sun yi lodi. Diraktan ya zauna ya dafe kai. Sai Baba ya matso ya ce, "Mushe, a buga mani sunayen ga takarda, a sa hatimi." Ya ɗauka ya nufi tasha da ƙafa, ko gida bai biya ba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Mai kula da mangazar ya san shi shekara da shekaru, don shi ke kai masa takardunmu in abin ya yi tsanani. Baba ya zauna bakin mangaza kwana biyu yana gaishe shi safe da yamma, bai roƙa da yawa ba, bai kuma tashi ba. Aka tattaro ragowar da wasu ba su zo ɗauka ba aka ba shi. Ya dawo bisa buhuna a bayan wata tsohuwar mota, hularsa ta yi fari fat da ƙura. Irin bai kai rabin abin da muka nema ba. Muka raba a amalanke, ƙauyuka biyu ba su samu ko tiya ba.

Bayan mako, maigarin ɗaya daga cikin ƙauyukan nan ya zo biro da dattawansa uku. Aka shimfiɗa tabarma a rumfa, aka daɗe ana gaisawa, sannan ya tambaya cikin ladabi me ya sa maƙwabtansu suka samu su ba su samu ba. Diraktan ya dube ni. Na san amsar sarai. Ban taɓa gaya wa Baba cewa na'urar da rana take aikinta ba. Na yi wa diraktan bayani, na yi wa sakatariya, shi kuwa ban ga dalilin yi wa mai shara bayanin sarbar ba.

Ina cikin neman ta inda zan fara, Baba ya durƙusa daga bakin rumfa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na kashe abin. Rashin sani ne na tsufa. Ku yi mani aikin gafara."

Maigarin ya dube shi ya ce Allah ya riga ya rubuta, suka yi sallama suka hau amalankensu. Ina zaune a kan kujera, takardar sunayen tana hannuna, na bar shi a durƙushe har suka fita.