Na Kulle Tukunyar Mma

Jiya ni da ƙanwata muna ta musun inda za mu je hutun bana. Ita bakin tekun Ada take so, ni kuma na Elmina: ga tsohon ginin tarihi, ga jiragen masunta, ga dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi mai zafi.

Mma, mahaifiyarmu, tana gefe tana tsince wake. Na ce, "Mma, ke wane bakin teku ya fi miki?"

Ko kai ba ta ɗaga ba. "Ni ina na san teku? A kalanda nake ganinsa."

Na ɗauka wasa take. Shekara talatin tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Nima, motar haya ta trotro ɗaya ce tsakaninta da ruwan nan!

Ta ce, "In na tafi kallon ruwa, wa zai ciyar da masu zuwa aiki?"

Nan musu ya ƙare. Elmina za mu, kuma da ita. Ta ce ba inda za ta, ni kuwa na ɗauke babbar tukunyar na kulle a ɗakina.

Mutanen Nima, ku yi haƙuri da koko kwana uku. Wanda ya taɓa raba uwarsa da murhu, ya zo ya koya mini.