Sito da Motarsa Mai Leda

Mijin yayata ya yi aikin sito a wata masana'antar kwali tun yana saurayi har furfura ta cim masa. Shi ya sa kowa ke ce masa Sito, har maƙwabtan da ba su san dalili ba. Abokan aikinsa sun ce a zamaninsa ko ƙusa ba ta taɓa ɓata ba. Sun kuma ce ko ƙusa ba ta taɓa fita ba. Inji zai tsaya, ma'aikata su naɗe hannu, ƙarfen da ake nema yana kan kanta a bayansa, amma sai ya ce a dawo gobe, wai in ya bayar da wannan me zai rage a sito. Da ya yi ritaya suka ba shi agogon bango. Yana nan cikin kwalinsa a saman kabad.

Ni bakanike ne, ba na auna mutum da bakinsa. Mota ko ta tashi ko ba ta tashi ba, babu na uku. Da ba don Yaya ba, da tsakanina da Sito sai gaisuwa daga nesa. Amma Yaya ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da keken ɗinki ta ciyar da ni, ta kai ni koyon aiki. Kusan duk rayuwarta ta ƙare a ɗaki ɗaya, fuska ga bango, kai a sunkuye kan allura.

Bayan ritayar, Sito ya sayi mota. Ni na duba masa ita, kuma ba zan yi mata sharri ba, mota ce lafiyayya. Ranar da ya kawo ta gida ya bugi bonet da tafin hannu ya ce wa Yaya, "Wannan ta yawon shaƙatawa ce. Kin gama zaman ɗaki." Washegari ya sa aka naɗe kujerun da leda, ya shimfiɗa kwali a wurin taka ƙafa, ya sa duwatsu a bayan tayoyi, ya lulluɓe ta da tamfol.

Sai ya koma shiri. Ya samo taswira ya manna a bangon falo, ya riƙa ɗibar fil-fil ɗin ɗinkin Yaya yana cakawa a wuraren da za a je. Ga dam, ga dutse mai koguna, ga dajin birai, ga wata tsohuwar gadar jirgin ƙasa. Babu ɗaya a cikinsu da mutum ba zai karya kumallo a gida, ya je, ya dawo kafin rana ta faɗi ba. Ya sayi kula, ya sayi fulas, ya sayi tabarmar roba, jarka, igiya, har da fitila wai ko dare zai yi. Duk suna bayan ƙofa, wasu ko farashin ba a ɓare ba.

Kusan kullum da hantsi sai ya tako da ƙafa zuwa garejina, ya share benci da hankici, ya zauna ya kama duk wanda ke jiran motarsa.

"Kai, ka taɓa zuwa dam? Kash! An bar ka a baya. In ka wuce gidan mai na ƙarshe, kada ka bi dama, ramuka ne. Ka bi hagu. Za ka hau wani ɗan tudu, kana kaiwa samansa sai ka ga ruwa ya buɗe maka kamar an yaye labule."

"Malam ya sha zuwa ke nan?"

"Ai tafiya mabuɗin ilimi ce, ɗan'uwa."

Ka lura, bai ce ya je ba, bai ce bai je ba. Kuma zancensa yana shiga kunne, wannan ba zan hana shi ba. Na san mutane da dama da suka kwashi iyalinsu suka je dam ɗin nan da kwatancen Sito. Wani mai sayar da tayal har dawowa ya yi musamman ya yi masa godiya, ya nuna masa hotunan 'ya'yansa a bakin ruwa. Sito ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya ce ba a nan ya kamata su tsaya ba, gaba kaɗan ya fi kyau. Ina ƙarƙashin mota na ji shi, na tofar da yawu.

Da farko abin dariya ne. Ya daina zama abin dariya lokacin da Yaya ta fara cin karo da gefen ƙofa, ta ajiye almakashi a gefenta ta yi ta lalube. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya ba ta maganin ɗigawa, ya gaya mata gaskiya: abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage kuma yana tsukewa daga gefe kamar ana zuge bakin jaka.

Na je duba ta, na same ta a kan keke, ta kafa fuska dab da allura.

"Auta, ganina ya koma kamar mai leƙe ta bakin kwalba," in ji ta. Ba ta ɗago ba. "Ni ba dutse nake so ba, ba birai ba. Ruwan nan kawai. Shekara da shekaru yana zuba min shi a kunne, har mafarkinsa nake yi. Ina so in gan shi da idona tun da sauran idon."

Na ce ta shirya in aro mota in kai ta jibi. Ta girgiza kai.

"Ga mota a gidan mijina, ƙanina ya je aro? Me kake so mutane su ce masa? Ya yi alkawari. Wannan Asabar ɗin ce."

Asabar ɗin ta zo, ya ce zafi ya yi yawa, taya za ta iya fashewa. Ta gaba ya ce ranar hutu ce, hanya cunkoso. Akwai wadda har Yaya ta dafa ƙwai, ta yanka burodi, aka sa kula a but, sai ya danna safayar taya da babban yatsa ya ce ta yi sanyi. Damina ta wuce, aka shiga wata. Yaya ta daina karɓar ɗinkin baƙin yadi, ba ta ganin zaren.

Ran nan ya zo ya share bencinsa zai zauna, na ce, "Malam, Asabar ɗin nan za a je. Juma'a zan zo in duba motar."

"Injiniya ke nan! Kullum cikin gaggawa kamar mai zawo. Ai ba a fafe gora ranar tafiya."

"Taka gorar ka fafe ta har ta ɓule."

Ya yi dariya, ya nuna ni da yatsa ga masu jira. "Kun ji ƙanin mata, ba ya raina abin faɗa. Sannu ba ta hana zuwa."

"Ƙarasa karin maganar mana," na ce. "Sai dai a daɗe ba a je ba."

Ran Juma'a na je duba motar.

Na daɗe a sana'ar nan. Na ciro mota daga kwata, na wanke wadda aka yi amai a cikinta, amma ban taɓa buɗe abin da ya tayar min da zuciya kamar motar Sito ba. Ina yaye tamfol kyankyasai suka watse. Na ɗaga bonet, ɓeraye sun yi gida a kan inji, sun tara tsummokaran ɗinkin Yaya sun yi katifa, sun ci wayoyi, kashinsu ko'ina kamar an watsa baƙar tsaba. Batir ya yi farin gari. Fetur ɗin tanki ya tsufa, yana warin tsohon fenti. A cikin fankar esi na zaro mushen ɓera da filaya, rabinsa ya bushe, rabinsa bai bushe ba.

Sai na buɗe but. Kular nan tana nan tun waccan Asabar ɗin, ya manta da ita ya rufe mota. Ban san abin da ya kai ni ɗaga murfin ba. Na ruga bayan gida na amayar da abin da na ci da safe, har hawaye.

Sito yana tsaye nesa, ya toshe hanci da hankici. "Ka wanke kular da kyau, Injiniya, sabuwa ce. Sau ɗaya aka yi amfani da ita."

"Ko sau ɗayan ba a yi ba."

"Amma ka ga fentin motar? Ko ƙwarzane babu. Wannan ita ce ajiya."

Shi har ga zuciyarsa haka ya yarda, cewa abin da aka rufe shi ne abin da aka tsira da shi. Ban da ƙarfin koya wa tsoho cewa mota ba katan ɗin ƙusa ba ce. Na ɗaɗɗaure wayoyi, na zubar da man, na sa batir daga garejina, na wanke ciki da omo har hannuna ya yi fari. Da yamma ta tashi. Na zagaya unguwa da ita, na dawo na jefa makullin a aljihuna.

Da safe na iso na tarar Yaya ta riga ta shiga, tana kujerar gaba, jaka a cinya. Ta sa rigar da ta ɗinka wa kanta tun shekarar da aka sayi motar. Sito ya fito da hula da fulas, ya tsaya tsakar gida, ya ɗaga kai sama. Na san wannan kallon.

"Kun ga hadarin can?"

Wani ɗan gajimare ne, ko akuya ba zai jiƙa ba.

"In aka yi ruwa hanyar laka ce, kuma laka ita ke cin ƙasan mota. Ban da haka, jiya na gano wata hanyar da ta fi wannan, sai dai ina so in ƙara tambaya. Uwargida, sauko. Mako mai zuwa, da yardar Allah, babu fashi."

Yaya ba ta motsa ba. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Auta, makullin yana hannunka?"

"Yana nan, Yaya."

"To shigo."

Sito ya zagayo ta tagarta. "Ke, motata ce fa."

"Motarka ce, Malam. Idon kuma nawa ne. Kai kana da mako mai zuwa."

Zaman ledar ya dame ta, tana ta santsi tana ƙara a ƙarƙashinta. Ta laluba jaka ta ciro ƙaramin almakashi, ta ɗaga cinya, ta tsarga ledar daga sama har ƙasa, ta tattaro ta, ta miƙa masa ta taga. Ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa gawa. Na tayar da mota. Ina fara ja da baya ya buɗe ƙofar baya ya faɗo ciki. Ba ruwa zai je gani ba, gadin motarsa zai yi.

Tafiyar ba ta da wani tsawo, amma ya tsawaita ta. "Rami! Injiniya, rami! Wannan ƙarar fa? Rage gudu. Ka ji wani abu na kaɗawa?" Bai kalli waje ba ko sau ɗaya. Gonaki suka wuce, kasuwar ƙauye ta wuce, garken shanu ya tsallaka a gabanmu, shi idonsa na kan allurar mai. Yaya ta sauke gilashi, ta sa fuska a iska, tana juya kai a hankali don ta kamo abu ɗaya-ɗaya. Kwatancensa dai daidai ne. Bayan gidan mai muka bi hagu, muka hau tudu, ga ruwa.

"Mun iso, Yaya."

"Ina?"

Na kama haɓarta na juya mata fuska.

Bakin ruwan ƙazanta ce zalla. Ledoji, robobin lemo, ƙunzugun yara, mataccen kifi da ƙudaje a kai. Masu shaƙatawa sun ci sun sha sun bar wa ruwa ragowar. Na riƙe hannunta muka tsallake, ina ture gwangwani da ƙafa, har muka sami yashi mai ɗan tsabta. Na waiga. Sito ya ciro tsumma, ya durƙusa yana goge ƙasan ƙofar mota, ya ba ruwan baya.

Yaya ta cire takalmi ta shiga har idon sawu. Ta fara daga hagu, tana matsar da kai kaɗan-kaɗan zuwa dama, kamar yadda take bin layin ɗinki.

"Me kike gani?"

"Haske. Wani ɗan wuri yana walƙiya kamar farin yadi a rana. In na matsa sai wancan ya ɓace, wani ya fito." Ta sake matsar da kai. "Akwai wani abu baƙi yana tafiya."

"Kwalekwale ne. Mutum biyu a ciki."

"Mutanen ban gan su ba." Ta goge idon da bakin mayafi. "Da shekarar da ya sayi motar ce, da na gan su, ko?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce da ta gan su, har da hular na gaban.

Ta gyaɗa kai, ta koma hagu ta sake farawa.

Daga can sama Sito ya ƙwala kira. "Injiniya! Ku taho haka nan, hadari na haɗuwa! Kuma ka ce mata ta wanke ƙafa ta bushe kafin ta shigo, yashi na lalata kafet!"

Yaya ta ja da baya kaɗan, ta tattara riga, ta zauna dirshan a kan jiƙaƙƙen yashi, ƙafafunta a cikin ruwa.

"Auta, ce masa ban gama ba."

Na zauna kusa da ita, na nuna mata inda kwalekwalen ya nufa, ta bi shi da ɗan abin da ya rage mata. Sito yana can yana danna hon.