Bakwai da Bakwai a Murfin Akwatin Yaya Dalhatu

Duk mai cewa Yaya Dalhatu ya zauce ya zo ya faɗi a gabana. Ni ƙanwarshi ce, ciki ɗaya, kuma ba ni da kunyar baki. Mutum ya yi shekara talatin da biyar shina koyar da lissafi a firamare, daga Turba har nan Isa, rabin masu zaman majalisar bakin kasuwa shi ya koya musu ƙirga yatsunsu. Don ya yi ritaya ya sayi zarto da rula shina 'yan ƙere-ƙerenshi a zaure, shi ne abin dariya? Su mi sunka ƙera ban da gulma?

Gaskiya dai gidanmu ba gidan masassaƙa ba ne, manoma ne mu. Kuma Yaya ba kafinta ya zama ba, ko kujera ɗaya bai taɓa kai kasuwa ba. Sha'awa ce kawai. Shi mutum ne mai son komai daidai wa daida. Ko kunyar gero zai yi sai ya ja igiya, takalmanshi kuwa a jere suke kwana kamar sojoji.

Bara waccan Gwaggo Hajo, ƙanwar babanmu wadda ta yi renon Yaya, ta baro Gatawa saboda tashin hankali ta dawo gidanshi. Idonta ya yi rauni, bakinta ko lafiya lau. Tasbaharta da kwallinta da allurarta duk a ƙulle cikin tsumma ɗaya, ƙarƙashin filo. Ka ce ta kwance ta ajiye su a fili, sai ta ce, "Baƙuwa ba ta baje kaya." Wannan magana ita ke ci ma Yaya rai. Ya ce mini, "Saude, za ni yi mata akwati. Ran da ta kwance tsumman nan ta zuba a ciki, ran nan na san ta zauna."

Wata biyu ya yi a kai. Ya samo guntun maɗaci busasshe, ya yanka, ya haɗa kusurwoyin ba ƙusa ko ɗaya, haƙori cikin haƙori. Akwatin bai fi tafin hannu biyu ba. Ya goge shi da samfefa har ya yi santsi, sannan ya zo kan ado. Ya sa tsinken ƙarfe a garwashi, ya zana askar Gobirawa a kan murfin, layuka sun taso daga bakin maɓalli sun bazu dama da hagu. Ya shafe da man gyaɗa. Wallahi ya yi kyau, ni ma da na gani sai da na yi guɗa.

Ranar Juma'a da la'asar munka kai mata. Ta karɓa, ta jinjina, ta sunsuna. Sai ta ɗora yatsa kan murfin tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Ta gama dama, ta koma hagu, ta sake komawa.

"Dalhatu, wanga ɗan wane gari ne?"

"Bagobiri ne, Gwaggo."

"Ƙarya kake. Bakwai da bakwai? Matso nan."

Dattijo mai furfura ya durƙusa, ta cafke haɓarshi tana ƙirga zanen kumatunshi da ƙarfi, kamar mai duba akuya a kasuwa. Bakwai gefe guda, shida gefe guda, yadda wanzamin gidanmu ke yi tun kakanni.

"Shekara sittin kana yawo da su a fuska, malamin lissafi, ba ka taɓa ƙirgawa ba? Ni na riƙe ka ranar da anka yi maka su. Ɗauke baƙonka."

Na yi dariya har da hawaye, sannan haushi ya kama ni. Na ce, "Haba Gwaggo, wata biyu fa ya yi!" Ta ce, "To ya ƙara kwana biyu."

Matsalar ita ce ƙari shina da sauƙi, ragi ne wahala. Zanen wuta ba ya gogewa, maɗacin kuma ya ƙare. Na ce ya bar ta, tsufa ne. Ya ce a'a, ta fi shi gaskiya. Kwana uku ya zauna shina cin layin nan ɗaya da samfefa har ya ɓace, ya bar ɗan kwarmi a gefen murfin. Mutumin da bai iya ganin hula a karkace! Kallon kwarmin yake kamar zai yi kuka.

Ya sake kai mata. Ta ƙirga, bakwai, shida. Babban yatsanta ya faɗa cikin kwarmin ya zauna.

"Mi ne ne wanga rami?"

"Wurin kuskurena ne, Gwaggo."

"Bar shi nan, ya yi daɗin riƙo."

Ta jawo tsumman daga ƙarƙashin filo, ta kwance ƙullin da haƙori, ta jera kayanta ciki. Sannan ta miƙo mini tsumman ta ce, "Saude, ungo, ku riƙa sauke tukunya da shi."